Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Aka Fara Nazarin Harshen Irish da 'Yan Uwansa na Keltik

Harshen Irish na cikin harsunan Turai da suka riga saura samun rubutaccen adabi bayan Girkanci da Latin. Duk da haka, sai a tsakiyar ƙarni na 19 aka samu wanda ya warware nahawun tsohon harshen yadda ya kamata. Tambayoyin da ke ƙasa sun bi diddigin yadda hakan ta faru: mutanen da suka yi aikin, takardun da suka dogara da su, da ɓatan kan da aka sha yi kafin a kama hanya.

Waɗanne ne harsunan Keltik, kuma a ina ake magana da su?

Shida ne suka kawo zamanin nan, dukkansu a gefen yammacin Turai. Uku gida ɗaya suke: Irish a tsibirin Ayilan, wanda masu shi ke kira Gaeilge, sai Gaelik na Sikotilan, sai Manx na ɗan tsibirin Man da ke tsakanin Ayilan da Birtaniya. Sauran ukun ma gidansu ɗaya: Welsh a yankin Wales, Cornish a kudu maso yammacin Ingila, da Breton a yankin Bretagne na Faransa, inda masu hijira daga Birtaniya suka kai shi wajen ƙarni na 5 da na 6.

A zamanin Rumawa, Keltawa sun fi haka yaɗuwa nesa ba kusa ba. Akwai harshen Gaul a inda Faransa take yanzu, akwai na Keltiberiya a Sifaniya, akwai Lepontik a arewacin Italiya, har da na Galatiya a tsakiyar Turkiyya ta yau. Waɗannan duk sun mutu, sun bar sunayen garuruwa da na mutane da 'yan rubuce-rubuce a kan dutse da tagulla.

Shin masu harshen ba su yi nazarinsa da kansu ba kafin malaman jami'a su shigo?

Sun yi, kuma tun da wuri ƙwarai. Akwai wani littafin nahawu mai suna Auraicept na n-Éces, wato jagoran masu koyon waƙa, wanda ake ɗaukar tushensa tun wajen ƙarni na 7 ko na 8. Mawallafansa sun san nahawun Latin, suka auna harshensu da shi ba tare da jin cewa nasu ya gaza ba. Har suka kawo labarin cewa bayan rushewar hasumiyar Babila, wani masani Fénius Farsaid ya tsinto mafi kyawun abin da ke cikin harsunan duniya ya haɗa Irish. Labarin almara ne, amma ya nuna irin darajar da suke ba harshen a lokacin da yawancin Turai ke ganin Latin kaɗai ya cancanci alƙalami. Akwai kuma ƙamus na tsofaffin kalmomi da ake dangantawa da Cormac mac Cuilennáin, sarki kuma bishop na Cashel, wanda aka kashe a yaƙi a 908.

Daga wajen 1200 zuwa 1600, makarantun mawaƙan fada sun tsara daidaitaccen harshe guda da ake waƙa da shi daga kudancin Ayilan har tsaunukan Sikotilan. Sun kasa kalmomi gida uku, kason da ya yi kusa da ismi da fi'ili da harafi da duk wanda ya karanta Ajurumiya ya sani. Gadon malanta ne: wannan zuri'a ta riƙe shari'a, waccan tarihi, waccan likitanci.

Da mulkin Ingila ya karya sarakunan da ke ɗaukar nauyin waɗannan makarantu, sai aikin ya koma ƙetare. Limaman ɗariƙar Francis 'yan Ayilan sun buɗe kwaleji a Louvain ta Beljiyam a 1607. Daga can aka aiko Mícheál Ó Cléirigh gida ya bi ƙasa yana kwafe tsofaffin littattafai, shi da abokan aikinsa suka haɗa babban kundin tarihin Ayilan tsakanin 1632 da 1636, sannan ya buga ƙamus na kalmomi masu wuya a 1643. Nahawun Irish na farko da aka buga da injin ɗab'i a Roma ya fito, a 1677, na Francis O'Molloy. Su ma mutanen Wales ba a bar su a baya ba: Gruffydd Robert ya fara buga nahawunsa a Milan a 1567, John Davies ya fitar da nasa a 1621 da ƙamus a 1632. Na Breton ya riga su duka, domin ƙamus ɗin Catholicon, mai Breton da Faransanci da Latin, an kammala shi a 1464 aka buga a 1499.

To, wa ya fara gane cewa waɗannan harsuna dangin juna ne?

George Buchanan, masanin Sikotilan, ya hango haka a littafinsa na tarihi na 1582. Ya lura cewa sunayen garuruwa masu ƙarewa da dunum da briga da magus sun bazu a Gaul da Sifaniya da Birtaniya, ya ce lallai mutanen tushensu ɗaya.

Amma wanda ya kafa hujja shi ne Edward Lhuyd, mutumin Wales, mai kula da gidan adana kayan tarihi na Ashmolean a Oxford. Asali masanin tsirrai da duwatsu ne, kuma irin wannan tarbiyya ya kawo cikin harshe: a je a gani, a tattara, a jera, sannan a yi magana. Daga 1697 zuwa 1701 shi da mataimakansa suka zaga Wales da Ayilan da Sikotilan da Cornwall da Bretagne suna rubuta kalmomi daga bakin mutane, suna sayen tsofaffin littattafai. A Bretagne hukuma ta zaci ɗan leƙen asiri ne, aka tsare shi a Brest, aka kore shi daga ƙasar.

A 1707 ya buga kundi na farko na Archaeologia Britannica. A ciki akwai jerin kalmomi na kwatanci, da nahawun Cornish, da ƙamus na Irish, da jerin sunayen rubuce-rubucen hannu da ya gani. Babban abin da ya gano shi ne cewa sauti ba ya canzawa da ka: idan wani baƙi a wannan harshe ya yi daidai da wani a wancan, za a ga haka a kalmomi da yawa, ba a guda ɗaya ba. Ya rasu a 1709 bai kai shekara 50 ba, kundi na biyu bai fito ba. Littattafan Irish da ya tara, har da tsohon kundin rubutun hannu mai suna Littafin Leinster, sun isa Kwalejin Trinity ta Dublin a 1786. Da yawa daga cikin sauran takardunsa gobara ta cinye.

Me ake nufi da Keltik na P da Keltik na Q?

Wannan kaso daga abin da Lhuyd ya lura da shi ya samo asali. Inda Irish ke da sautin k, Welsh na da p. Kai na jiki a Irish ceann ne, a Welsh pen. Huɗu ceathair ne da pedwar. Biyar cúig da pump. Ɗa kuwa mac ne a Irish, map a tsohon Welsh, yau mab. Asalin sautin kw ne, wanda ake rubutawa da Q. Wani reshe ya yar da w ya riƙe k, ɗayan ya mayar da shi p. John Rhys, wanda ya fara riƙe kujerar farfesan Keltik a Oxford a 1877, shi ya yayata waɗannan sunaye biyu.

Idan Lhuyd ya kama hanya tun 1707, me ya sa aka ƙara fiye da shekara ɗari ana lalube?

Domin bai bar magaji ba, kuma zamanin ya fi son labari mai daɗi. Ƙarni na 18 ya cika da masu neman tabbatar da cewa Keltawa su ne tushen kowa. Paul-Yves Pezron, wani malamin coci ɗan Bretagne, ya rubuta a 1703 cewa daga Gomer jikan Annabi Nuhu suka fito. Charles Vallancey, injiniyan sojan Birtaniya da ke aiki a Ayilan, ya buga maƙala a 1772 yana cewa Irish ɗan uwan harshen Finikiyawan Kartaj ne. Hujjarsa ita ce wasu layuka na harshen Kartaj a cikin wasan kwaikwayon Plautus, marubucin zamanin Rumawa, waɗanda ya yayyanka har suka yi kama da Irish. Bai iya harshen sosai ba, amma yana da muƙami da kuɗi da 'yan kwafe, sai maganarsa ta yi nauyi shekaru da dama.

Ga kuma jabu. Daga 1760 James Macpherson ya fitar da waƙoƙin Ossian da Turanci, ya ce fassara ce daga wani tsohon mawaƙin Gaelik. Ya ɗebo wasu abubuwa daga waƙoƙin gargajiya na gaske, amma mafi yawa ƙirarsa ce. A Wales, Iolo Morganwg ya ƙirƙiri waƙoƙi da al'adu ya jingina su ga magabata, kuma sai a ƙarni na 20 aka gama tone aikinsa. Illar wannan ba ƙarama ba ce. Masana na gaske suka riƙa gudun fagen, duk wanda ya ambaci Keltawa sai a yi masa kallon mai tatsuniya.

Ta yaya aka tabbatar cewa Keltik na cikin dangin Indo-Turai?

A jawabinsa na Kalkata a 1786, William Jones, alƙalin Birtaniya a Indiya, ya ce Sanskrit, tsohon harshen Indiya, da Girkanci da Latin tushensu ɗaya, dangin da yanzu ake kira Indo-Turai, ya ƙara da cewa mai yiwuwa Keltik ma haka, ko da yake ya gauraya da wani abu daban. Wannan shakka ta daɗe. Rasmus Rask na Denmak da farko bai sa Keltik a cikin dangin ba, sai daga baya ya sake ra'ayi. James Cowles Prichard, likita a Bristol, ya kawo hujjojin kalmomi da na aikatau a 1831, Adolphe Pictet na Geneva ya ƙara nasa a 1837.

Kalmomin kam ba su da wuyar gani. Sarki rí ne a Irish, rex a Latin, rajan a Sanskrit, kuma shi ne rix da ke ƙarshen sunan Vercingetorix, shugaban Gaul da ya yaƙi Kaisar. Uba athair ne, Latin pater, kifi iasc, Latin piscis, domin Keltik ya zubar da tsohon p na farkon kalma. Abin da ya hana ruwa gudu wani hali ne da ba a saba gani ba: farkon kalma yana canzawa. A Irish jirgin ruwa bád ne. Jirginsa a bhád, jirginta a bád, jirginsu a mbád. Kalmar mallaka ɗaya ce a ido, wato a, amma tana yi wa baƙin da ke binta abu uku daban-daban. Masana suka ce harshen da ke juya goshin kalma maimakon ƙeyarta ba zai zama ɗan uwan Latin ba.

Franz Bopp, masanin harsuna ɗan Jamus, shi ne ya kwance wannan ƙulli a gaban Cibiyar Kimiyya ta Berlin a 1838. Ya nuna cewa a Sanskrit kalmar "nasa" da wasali take ƙarewa, "nata" da s, "nasu" da m. Haka abin yake a tsohon Keltik. Wasalin ya tausasa baƙin da ke binsa, s bai taɓa shi ba, m kuwa ya sa masa sautin hanci. Daga baya ƙarshen kalmomin ya zube, amma tabon da ya bari a kalma ta gaba ya zauna. Ashe abin da aka ɗauka baƙon hali ne, sawun tsohon li'irabi ne irin na Latin da Sanskrit. A ganina wannan na cikin mafi kyawun hujjojin da aka taɓa kawowa a ilimin harsuna, domin abin da ake kafa shakka da shi ne ya koma shaida.

Wane ne Zeuss, kuma me ya sa ake ce masa uban wannan fage?

Johann Kaspar Zeuss ɗan wani magini ne daga ƙauyen Vogtendorf kusa da Kronach a Bavariya, an haife shi a 1806. Mafi yawan rayuwarsa malamin makaranta ne, a Speyer sannan a Bamberg. An ba shi kujerar farfesa a Munich a 1847, rashin lafiya ta sa bai daɗe a kanta ba. Littafinsa na farko mai girma, na 1837, kan tarihin ƙabilun Jamus da maƙwabtansu ne, kuma a nan ya ga ba zai fahimci Keltawa ba sai ya san harshensu.

Abin da ya bambanta shi da na gabansa shi ne tambayar da ya fara da ita: ina mafi tsufan shaida? Bopp da Pictet sun yi aiki ne da ƙamus na harshen zamani. Shi kuwa ya yi amfani da hutun makaranta da ɗan albashinsa ya bi ɗakunan karatu na Würzburg da Karlsruhe da St Gallen da Milan, ya je Landan da Oxford saboda tsohon Welsh, yana kwafe ƙananan rubuce-rubuce da hannunsa. Ba malami, ba ƙamus na tsohon harshen. Tunda kowane ɗan rubutu na Irish yana bayanin wata jimla ce ta Latin, sai ya mayar da Latin ɗin mabuɗi. Daga dubban gutsattsarin nan ya fitar da tsarin suna da na aikatau da na sauti.

Sakamakon shi ne Grammatica Celtica, da aka buga a Leipzig a 1853, da harshen Latin, kundi biyu, shafi sama da 1,000. Ya rasu a 1856 yana da shekara 50, aikin ya riga ya cinye lafiyarsa. Hermann Ebel ya fitar da bugu na biyu da gyare-gyare a 1871. Duk wani nazari mai inganci da aka yi bayan nan a kan wannan littafi ya tsaya.

Mene ne waɗannan ƙananan rubuce-rubuce, kuma me ya kai su Jamus da Italiya?

Hashiya ce. Sufayen Kirista na Ayilan da Latin suke karatu, wanda ba harshensu ba ne. Malami ko ɗalibi idan ya zo wuri mai wuya sai ya rubuta fassara ko ɗan bayani da Irish a tsakanin layuka ko a gefen shafi. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafin fiƙihu na zaure, ya ga ƙananan bayanai na ajami sun kewaye matanin Larabci, ya san irin abin. Tsofaffin Alƙur'anan Borno ma ta irin wannan hashiya suka adana tsohon harshen Kanembu.

Uku ne manya. Na Würzburg kwafin wasiƙun Bulus ne, hashiyarsa ta wajen tsakiyar ƙarni na 8 ce, guda sama da 3,000. Na Milan sharhin Zabura ne na wajen shekara ta 800, shi ya fi yawan Irish, kuma daga gidan sufaye na Bobbio ya fito, wanda Columbanus ɗan Ayilan ya kafa a 614. Na St Gallen a Suwizalan nahawun Latin ne na Priscian, an kwafe shi wajen 850, da hashiya sama da 9,000, kusan kashi ɗaya cikin uku da Irish. A gefen wannan littafi ne magatakarda suka riƙa koke kan sanyi da rashin kyan tawada da fata, wani kuma ya rubuta 'yar waƙa yana murna da guguwar dare, domin a irin wannan teku maharan Viking na arewacin Turai ba za su iya ƙetarowa ba.

Sufayen ne suka tafi da littattafan lokacin da suka bazu a Turai suna wa'azi da koyarwa. Dalilin da ya sa na ƙetare suka fi amfani kuwa abin lura ne. A gida, littafi yana hannun masu jin harshen. Idan ya tsufa sai a kwafe, mai kwafewa kuma ya gyara kalmomi su dace da zamaninsa. Shi ya sa manyan kundayen da suka rage a Ayilan, irin su Lebor na hUidre na wajen 1100 da Littafin Leinster na wajen 1160, tsoho da sabo a cakuɗe suke. A Jamus da Italiya kuwa, bayan 'yan ƙarnuka babu mai iya karanta hashiyar, don haka babu wanda ya taɓa ta. Littafin Armagh na wajen 807 na cikin kaɗan da suka riƙe tsohon harshen a gida. Da Zeuss ya kafa ma'auni daga hashiyar, sai aka iya komawa kan kundayen gida a tantance wane sashe ne na ƙarni na 8, wane ne ƙarin ƙarni na 12.

Rubutun Ogham fa?

Ya girmi hashiyar. Haruffa 20 ne na asali, zane-zane da ake sassaƙawa a kaifin dutse, kashi huɗu, biyar-biyar. Duwatsu kimanin 400 suka rage, mafi yawa a kudu maso yammacin Ayilan, wasu a Wales ɗauke da Latin a gefe. Yawancinsu na ƙarni na 5 da na 6 ne, kuma sunaye ne kawai: na wane ɗan wane. Ba a taɓa manta yadda ake karanta shi ba, domin Littafin Ballymote na wajen 1390 ya adana mabuɗin. Amfaninsa ga masana shi ne ƙarshen kalmomi bai riga ya zube ba. "Na ɗa" MAQQI aka sassaƙa, ga Q ɗin, ga kuma wasalin li'irabin a wurinsa.

Ina 'yan ƙasar suke lokacin da Jamusawa ke wannan aiki?

Suna nan suna wani aikin da in babu shi na Jamusawan ba zai yi nisa ba. John O'Donovan da Eugene O'Curry, waɗanda suka auri 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya, da Irish suka tashi, kuma daga ragowar malaman gargajiya suka koyi karatun rubutun hannu. A shekarun 1830 hukumar safiyo ta ɗauke su aikin tantance sunayen wurare. O'Donovan ya bi ƙasar gunduma-gunduma, sau da yawa a ƙafa cikin ruwan sama, yana tambayar tsofaffi yadda ake furta sunan kowane ƙauye da tudu. Ya buga nahawu a 1845, ya kuma fitar da kundin tarihin Ó Cléirigh da fassara da sharhi tsakanin 1848 da 1851. O'Curry ya zama farfesa a Jami'ar Katolika ta Dublin a 1854, laccocinsa kan rubuce-rubucen hannu suka fito a 1861. Daga 1852 su biyun suka duƙufa kan kwafe tsofaffin dokokin gargajiya na Ayilan da ake kira dokokin Brehon, aikin da ya fi kowane wuya saboda tsufan harshen. O'Donovan ya rasu a 1861, O'Curry ya bi shi a 1862.

Ba su da hanyar kwatanta harsuna irin ta Bopp, kuma wasu fassarorinsu na tsofaffin matani an sake su daga baya. Amma su suka san inda kowane littafi yake, su suka iya warware taƙaitattun alamomin magatakarda, su suka ji harshen a kunne. Ina ganin tarihin fagen yakan rage musu kaso. Wanda ya haɗa hanyoyin biyu shi ne Whitley Stokes, lauya ɗan Dublin, wanda ya yi shekara 20 a Indiya daga 1862 yana tsara dokoki, yana kuma gyara matanin Irish a lokacin hutunsa. Shi da John Strachan suka tattara hashiyoyin a Thesaurus Palaeohibernicus, kundi biyu, 1901 da 1903.

Me ya rage a warware bayan Zeuss?

Aikatau. A tsohon Irish "yana bayarwa" do-beir ne, "ba ya bayarwa" kuwa ní tabair. "Yana cewa" as-beir, "ba ya cewa" ní epir. Mai koyo zai rantse kalmomi ne daban. A 1884 Heinrich Zimmer da Rudolf Thurneysen, kowa a nasa ɓangaren, suka nuna cewa nauyin murya ne ke ƙaura. In babu komai a gaba, nauyin kan gaɓa ta biyu yake sauka. In aka sa kalmar korewa, sai ya koma ta farko, gaɓoɓin da suka rasa nauyi su lotse. Thurneysen, ɗan Basel, ya fitar da littafinsa na nahawun tsohon Irish a 1909, kuma fassararsa ta Turanci ta 1946 har yau ita ɗalibai ke riƙewa. Holger Pedersen na Denmak ya buga nahawun kwatanci na dukkan harsunan tsakanin 1909 da 1913.

A wannan tsakanin fagen ya samu gidaje. Mujallar Revue Celtique ta fara fita a Faransa a 1870. An kafa kujerun farfesa a Edinburgh da Collège de France a 1882, a Berlin a 1901. Kuno Meyer ya buɗe makarantar nazarin Irish a Dublin a 1903, da mujallar Ériu a 1904, domin 'yan ƙasa su koyi sabuwar hanyar a gida. Dublin da Cork sun karrama shi da 'yancin birni, suka soke a 1915 saboda ya goyi bayan Jamus a yaƙi, suka mayar a 1920 bayan rasuwarsa.

Gaskiya ne cewa waɗannan harsuna suna da alaƙa da Larabci ko harsunan Arewacin Afirka?

Kamannin na nan, kuma mai jin Larabci zai gan su nan take. Irish da Welsh aikatau suke sawa a farkon jimla. Suna manna wakilin suna a jikin harafi: agam, agat, aige, aici, daidai da indi, indaka, indahu, indaha. "Ina da littafi" a Irish tá leabhar agam ne, wato akwai littafi a wurina. "Ƙofar gidan" doras an tí ne, alamar sananne a kan suna na biyu kawai, kamar babul baiti. John Davies ya kwatanta Welsh da Ibrananci tun 1621. John Morris-Jones ya kwatanta shi da tsohon harshen Masar da na Berber a 1900, Julius Pokorny ya faɗaɗa batun daga baya. Ra'ayinsu shi ne wasu mutane masu irin wannan harshe sun riga Keltawa zama a tsibiran, suka bar tasiri a ginin jimla.

Yawancin masana ba su gamsu ba, kuma ina tare da su. Babu tarin kalmomi na asali da suka dace bisa ƙa'idar sauti irin ta Lhuyd. Sa aikatau a farko ana samunsa a harsunan Polinesiya da na Maya, waɗanda ba su haɗa komai da Larabci ba. Hausa kuwa, wadda take cikin dangin Afro-Asiya tare da Larabci da Berber, aikau take fara sawa. Tsarin jimla kaɗai ba ya tabbatar da zumunci, ba ya kuma kore shi. Ta fuskar asali, Keltik Indo-Turai ne, ba a jayayya a kan wannan.

Shin wannan nazari ya taimaki harsunan su rayu?

Ba kai tsaye ba, kuma wannan ne ɓangaren da ke da ciwo. Shekarun da Zeuss ke kwafe hashiya su ne shekarun babbar yunwar Ayilan, 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wani miliyan, kuma yankunan masu Irish ta fi yi wa ɓarna. Ƙidayar 1851 ta samu masu jin harshen kimanin miliyan ɗaya da rabi, adadin kuma ya ci gaba da faɗuwa. Masana da yawa tsohon harshen kawai ya dame su.

Amma aikin ya ba masu fafutuka makami. Lokacin da wasu malaman Kwalejin Trinity suka ce babu abin kirki a adabin Irish, a gaban kwamitin ilimi na 1899, Douglas Hyde, shugaban ƙungiyar raya harshen Irish ta Gaelic League da aka kafa a 1893, ya kawo wasiƙun manyan masanan Turai suka rushe maganar. Sannan masanan da kansu suka fara zuwa ƙauyuka. Pedersen da Franz Nikolaus Finck sun zauna a tsibiran Aran a shekarun 1890, Carl Marstrander ɗan Norwe ya koyi harshen a tsibirin Blasket a 1907.

Cornish ya riga ya bar bakin jama'a tun ƙarshen ƙarni na 18, ana yawan ambaton Dolly Pentreath da ta rasu a 1777 a cikin na ƙarshe. Masu farfaɗo da shi, tun daga littafin Henry Jenner na 1904, sun dogara da tsofaffin wasannin kwaikwayo na addini da kuma yadda Lhuyd ya rubuta furucin da ya ji a 1700. Manx ya fi sa'a: a 1948 hukumar adana al'adun gargajiya ta Ayilan ta aika da na'ura aka naɗi muryoyin tsofaffin da suka rage, ciki har da Ned Maddrell wanda ya rasu a 1974, kuma yau akwai makarantar firamare da ke koyarwa da harshen. Babban ƙamus na tsohon Irish da Cibiyar Royal Irish Academy ta ɗauki nauyi, Marstrander ne ya fitar da kashinsa na farko a 1913, aka kammala shi a 1976, yanzu kuma yana intanet kyauta ga duk mai son dubawa.